Filin Masu Hoto: In Sayar da Babur In Sayi Sabuwar Kyamara?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar. Ta farko za ta ci mana wuri, domin irinta kusan kowane mako sai ta shigo mini, ko a takarda ko a bakin shagona a Birnin Kebbi.

TAMBAYA, daga wani mai ɗaukar hoto a Jega:

Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna a Jega da ƙauyukan kewaye. Kyamara Canon 600D gare ni, da gilashin da ta zo da shi, wato idon da ake ɗaura mata a gaba, 18-55. Abu uku ke damuna. In dare ya yi wurin kamu ko dina, hotuna su fito da duhu da tsaki-tsaki kamar an watsa musu yashi. Na biyu, bayan amarya ba ya narkewa irin yadda nake gani a hotunan 'yan Kano da Abuja. Na uku, wani abokin sana'a ya sayo sabuwar kyamara irin ta zamani da ake ce wa marar madubi, tun ran nan manyan bukukuwa wurinsa sunka koma. Na tara naira dubu 800 daga shinkafar rani da munka noma. Ina son in sayar da babur ɗina da wagga tsohuwar kyamara, in haɗa in sayi Canon R6 ta hannu, ita ma marar madubi ce. Mi ka gani?

AMSA:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar da babur ɗin. Da wannan na fara don ko ba ka karanta sauran ba, ka tafi da shi. In an kira ka ɗaurin aure a Aliero da hantsi, suna a Maiyama da la'asar, da me za ka je? R6 ba ta da taya. Wannan shi ne sakin reshe a kama ganye.

Ciwon da ke damunka ya taɓa kwantar da ni. A 2014 idona ya rufe a kan Canon 5D Mark III, wadda ta fito a 2012, lokacin ita ce abin kwatance a wurin masu hoton biki. Na kwashi adashina, na sayar da raguna biyu da nake kiwo don layya, na hau motar dare zuwa Legas na sayo ta, gangar jiki kawai, babu gilashi, don a tunanina ai ina da gilasai biyu a gida. Na dawo na tara yaran shago, na ɗauko 18-55 zan ɗaura, ya ƙi shiga. Na ɗauko 55-250, shi ma ya ƙi. Ashe gilasan Canon masu ɗan farin tambari, waɗanda aka rubuta wa EF-S, na ƙananan kyamarori ne irin taka, ba sa hawa 5D. Sai masu jan ɗigo kaɗai, wato EF. Ba wanda ya cuce ni, ni ne ban tambaya ba. Kuma sai a ranar na lura ba ta da ɗan filashan nan da ke ɗagowa a ka. Ta yi kusan wata biyu a cikin akwati, ina fita aiki da tsohuwar da na raina.

Da na samu aron gilashi na fara aiki da ita, na wanke hotuna biyu na wani ango, ɗaya da tsohuwar, ɗaya da sabuwar, na kai wa maigidana wanda ya koya mini sana'a tun zamanin fim mai ɗauka 36. Ya gyara tabarau, ya juya su, ya sake juyawa, ya ce, "To wanne ne na kuɗin ragunan?" Ni kaina sai da na duba bayan takarda inda na yi alama.

Yanzu mu dawo kan koke-kokenka, domin biyun farko gaskiya ne, sai dai ka kama wanda bai ci ba.

Duhun dare ba daga cikin kyamara ya fara ba, daga bakin ƙofa ya fara. Gilashinka in ka zuƙo shi zuwa 55, iyakar buɗewarsa f/5.6, kuma lambar f ɗin nan in ta yi girma ƙofar haske ta ƙanƙance ke nan. Akwai wani ɗan gilashi na Canon, 50mm f/1.8, wanda samfurinsa na STM ya fito a 2015, yana cikin mafi araha da kamfanin ke yi. In ka buɗe shi duka, hasken da yake sha ya kusa ninka na 18-55 sau goma. Sau goma, ƙanena, a kan wannan 600D ɗin da kake shirin rabuwa da ita. Inda kake tura ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu, zuwa 3200 hoto ya cika da yashi, za ka sauko 400 ya fito sumul. Kuma narkewar bayan amarya da kake sha'awa, aikin buɗewar gilashi ne da tazara. Ka janyo ta daga jikin bango taku huɗu ko biyar, ka matso kusa da ita, ka buɗe gilashin, ka ga ikon Allah. Yawancin 'yan'uwanmu manna amarya suke yi da labule sannan su yi mamakin yadda kowane zaren labulen ya fito.

Sai dai in faɗa maka aibinsa kada ka ce na ɓoye. A kan kyamara mai ƙaramin sensa irin taka, wato faifan cikinta da haske ke sauka a kai, 50 yana zama kamar 80, ya matse. A ɗakin amarya da gado da kabad da jeren kwanuka suka cinye, za ka ja baya har ka daki bango ba ka ɗauki ƙawaye huɗu ba. Don haka 18-55 ɗin yana nan da aikinsa a hoton taro. In kuɗi ya ragu, akwai 17-50 f/2.8 na Sigma ko Tamron, na hannu, wanda a zuƙowa yake shan haske ninki huɗu na naka. Amma shi ma na ƙananan kyamarori ne. Shi kuwa 50 ɗin zai bi ka duk inda ka koma a gidan Canon.

Abin da ya fi gilashi ma shi ne fitila. Ban ga ka ambaci filasha a wasiƙarka ba, don haka na ɗauka da ɗan na kan kyamara kake aiki. Shi ne ke sa goshin amarya ƙyalli, hoda ta yi fari fat, baya kuma ya yi baƙi ƙirin kamar an ɗauke ta a bakin rijiya. Ka nemi filasha na waje mai juya kai, irin su Godox ko Yongnuo, ko mai cin batir huɗu ne. A cikin ɗaki mai farin silin, ka ɗaga kansa sama hasken ya daki silin ya zubo a hankali. A waje kuwa, ƙarƙashin rumfar haya mai ja ko shuɗi, kada ka yi haka, don launin rumfar zai sauko a fuskar mutane, ka wayi gari dangin ango duk sun koma jajaye. Nan sai lema fara a kan sanda, da ɗan abin da ke tayar da filashan daga nesa, da yaro ɗaya mai riƙe sandar saboda iska. Ranar da na fara cire filasha daga kan kyamara na ajiye shi gefe, ranar mutane suka fara tambayata ko na sake kyamara. Lokacin da na sake ta da gaske ba wanda ya tambaya.

Kada kuma a ruɗe ka da maganar megafiksel, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke cikin hoto. Taka 18 gare ta, R6 kuma 20. Hoton 600D ɗigo 5184 ne a tsawo, 3456 a faɗi, ya isa a wanke shi inci 17 da 11 tsaf ba tare da an ja shi ba, kuma firam ɗin falo da ake kallo daga nesa ana wuce haka lafiya lau. Hoton albam na inci 5 da 7 bai buƙaci fiye da megafiksel uku da 'yan kai ba. Balle ma ina hotunanmu suke ƙarewa? A WhatsApp da Instagram, inda ake matse su su koma ɗan mitsitsi a tafin hannu.

Ga kuma ramin da nake hango maka, irin wanda na faɗa. R6 bakinta daban ne, RF. Tsofaffin gilasai suna hawa, amma sai da wani zobe da ake saye daban. In ka ɗaura 18-55 ɗinka da zoben, kyamarar za ta yi aiki da tsakiyar sensa kawai, hoton ya dawo ƙasa da megafiksel 8. Ka sayar da babur, ka sayar da kyamara, ka ƙarar da kuɗin shinkafa, ka koma ƙasa da rabin inda ka baro, kuma gilashin yana nan a f/5.6 ɗinsa. Ita R6 da ta fito a 2020 dala 2,499 aka sa mata, jiki kawai. Ta hannu ta sauko, gaskiya ne, amma kayan nan da dala ake shigo da su, kuma kai shaida ne tun da aka saki naira a 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Bayan jiki akwai gilashin da ya dace da ita, da batir na biyu da na uku, don marar madubi kullum allonta ko madubin leƙenta a kunne yake, tana shan batir fiye da taka, a garin da wuta ke zuwa gaisuwa ta wuce. Sai ka zauna da biro ka raba jimillar da abin da ke rage maka a kowane biki bayan ka cire mai da wanki da albam da sallamar yaro. Adadin da ya fito, bukukuwan da za ka yi wa kyamara bauta ke nan.

Ba ina cewa sabbin nan ba su fi ba. Sun fi, nesa ba kusa ba, wanda ya ce maka duk ɗaya ne bai riƙe su ba. R6 tana kama idon mutum ta bi shi ko yana rawa, ISO 6400 a wurinta ba abin tsoro ba ne, sensanta ya ninka naka girma fiye da sau biyu da rabi, kuma a wurin da ya fi ba mu wahala, wato ango baƙi cikin farar shadda da tsakar rana, ta fi taka iya riƙe fuska da aikin wuyan riga a lokaci guda. Amma ko a nan, ka taɓa ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba? 600D tana yi. Da yawa cikinmu JPEG, wato matsattsen hoto, muke ɗauka don kati ya daɗe, sannan mu zo gyara mu tarar babu abin da za a ceto daga farar rigar. Ka gwada biki ɗaya da RAW ka buɗe a manhajar gyaran hoto ta Lightroom kafin ka yanke mata hukunci.

Maganar abokin sana'arka kuwa, ka bincika da kyau. Uwar amarya ba ta san R6 ba, ba ta san 600D ba. Abin da ta sani, hoton 'yar maƙwabciyarta ya yi kyau a waya, kuma albam ya iso kafin a gama cin gara. Na san masu kaya na miliyoyi da mutane ke gudu saboda sai amarya ta yi ciki wata biyar ba ta ga hotonta ba. In kuwa cika ido ne, to ai marar madubi ta fi irin su 5D ƙanƙanta. Ranar da ka sauka daga babur da lema da sanda da filasha, yaro na bin ka da jaka, za a ce babban mai hoto ya iso.

Da ni ne da dubu 800 ɗin nan, filasha da lema da sanda zan fara saye, sai 50mm, sai batir da katin memori masu kyau guda biyu. Abin da ya saura in ɓoye, in ci gaba da tarawa.

Domin ranar sauyi tana zuwa, kuma zan gaya maka abin da ya sa daga baya na daina nadamar ragunana. Wata shekara na ɗauki wani biki na kwana uku da ƙaramar kyamarar, na dawo na sa kati a kwamfuta, ya ce babu komai a ciki. Katin arha ne na saya a bakin tasha. An ceto wasu, amma ɗaurin auren da buɗan kai sun tafi har abada. Na je gidan da kaina na durƙusa gaban mahaifin yarinyar, ya ce Allah ya ƙaddara, ya kawar da kai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ita 5D Mark III ramin kati biyu gare ta, tana rubuta kowane hoto sau biyu, haka ma R6. Tun daga ranar ban sake ɗaukar ɗaurin aure da kati ɗaya ba. Irin wannan dalili ake sauya kyamara a kansa: ka iya nuna hoton da ta hana ka, ko aikin da ya kuɓuce maka saboda ita, bayan ka yi duk abin da ke hannunka. Kuma ko ranar ta zo, ba a sayar da tsohuwa. Mai kyamara ɗaya a wurin biki, in ta ƙi tashi, sai dai ya ari wayar ƙanwar ango.

In ka tashi sayen ta hannu, ka tafi da katinka da wanda ya san kaya. A duba adadin bugun shota, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, don kowace tana da iyakar da aka ƙiyasta mata, ita 5D Mark III 150,000 ne. Ka rufe gilashi zuwa f/16 ka ɗauki sararin sama ko farin bango, duk dattin sensa zai bayyana. Gilashi kuma ka haska shi da tocila ta baya, in ka ga abu kamar saƙar gizo a ciki, ajiye musu kayansu. Kuma kada ka fara gwada sabuwa a bikin mutane, ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA, daga wata mai sayar da atamfa da leshi a Argungu:

Malam, a WhatsApp nake tallar kayana. In na ɗauki hoto da waya launin ba ya fitowa daidai, har wata ta dawo mini da leshi ta ce ba kalar da ta gani ba ke nan. Maigidana ya ce in zaɓa, ko ya saya mini kyamara ko babbar waya. Wacce ta fi?

AMSA:

Hajiya, ki yi wa maigida godiya, ki ce ya ƙara miki kuɗin a jari. Ina kyautata zaton da dare kike ɗauka, ƙarƙashin ƙwan lantarki, bayan kin gama aikin gida. Ƙwan nan ko ya ja zuwa rawaya ko zuwa shuɗi, shi ke sauya miki kala, kuma ko kyamarar miliyan biyar kika kawo haka zai yi mata. Ki ɗauka da hantsi, a inuwar baranda ko kusa da taga, ba cikin rana tsaka ba, ki kashe ƙwan ɗakin. Ki shimfiɗa farin zanin gado a ƙasa, ki bar gefensa ya fito a hoton, wayar za ta daidaita launi da shi. Ki goge idon wayar da gefen mayafi, don maiƙon hannu kaɗai yana sa hoto hazo. Ki kashe duk wani abin ƙawata hoto. Wurin turawa ki danna HD, ko ki tura shi a matsayin fayil. Ki sani kuma allon wayar mai saye ba irin naki ba ne, don haka a leshi mai tsada ki haɗa da ɗan bidiyo kina juya shi a haske.

TAMBAYA, daga wani matashi a Zuru:

Yallaɓai, Nikon D3200 nake aiki da ita. Yanzu duk wanda ya kira ni sai ya ce har da bidiyo, ni kuma in na ɗauka sai hoton ya riƙa shiga yana fita, ba ya tsayawa a fuska. Aiki uku na rasa a wata biyu. Ina kuma son in ɗauki bikin Uhola na bana da kyau. In sauya?

AMSA:

Kai kam ka sauya, ɗana, don ka kawo hujja: aiki uku. D3200 ta 2012 ce, a hoto har gobe ba ta da laifi, megafiksel 24 gare ta. Amma a bidiyo laluben saiti take yi, gaba da baya, kuma tana yankewa in ta kai minti 20, wanda ba ya yi wa mai ɗaukar wa'azin walima daɗi. Wannan ba abin da gilashi ko fitila za su gyara ba ne. In kana son ka tsira da gilasanka, ka duba Nikon Z50 ta 2019 da zoben FTZ, gilasan Nikon masu rubutun AF-S suna aiki da shi. In kuma za ka bar gidan, Sony A6400, ita ma ta 2019, tana riƙe fuska sosai kuma ba ta da wannan iyakar minti, sai dai ka san gilasai za ka faro daga farko. Ka ware kuɗin makirufo da ƙafa uku tun yanzu. Mutane suna haƙuri da bidiyo mai ɗan duhu, amma in ba a jin abin da liman ya faɗa, ba mai kallo.

Uhola kuwa, kada ka sayi kaya saboda biki na shekara-shekara. A watan Maris na 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba, hayar dogon gilashi 70-200 na ɗauka na kwana biyu daga wani abokina. Na tsaya a bakin kogin Matan Fada cikin 'yan jarida masu kaya kamar za su yaƙi, aka ba da alama, dubban masunta suka ruga cikin ruwa da goruna da homa, ƙura ta tashi ta rufe mu duka. Hoton da ya fi burge ni a ranar wani yaron garin ne ya ɗauka da tsohuwar kyamara, don shi ya san ta inda ake fitowa da giwan ruwa zuwa wurin awo, ya je ya tsuguna can tun kafin a fara. Kai ɗan Zuru ne, ka san ta inda masu rawa ke ɓullowa da inda rana take a lokacin. Ka yi hayar dogon gilashi, ka ɗaura shi tun daga gida. Kada ka kuskura ka sauya gilashi a fili cikin ƙurar hunturu, musamman in marar madubin ka riga ka saya, don da ka cire shi sensa a buɗe yake, kuma mu a nan wankin sensa mai kyau sai an aika Kano.